Ba Ki Nemi Awona Ba, Yaya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Yayata, tare da gaisuwar ladabi da girmamawa. Ina fata kina lafiya, da Baban Ummi, da Ummi, da ɗan jaririnmu Khalifa. Mu ma nan lafiya ƙalau. An gama yankan gero, Baba ya shiga cirar gyaɗa, Inna tana gaishe ki.

Ban sa sunanki ba, kuma ba zan sa ba. Na san kina karanta abin da ake rubutawa a wannan zaure na intanet, kuma za ki gane ni. Idan kin kira waya Inna tana tsaye a kaina, ni kuwa kin san bakina, daga "to" sai "na gode". Shi ya sa na ari wayar Yaya Sani na rubuto.

Saƙonki ya iso, cewa in tattaro in komo wajenki Kano in ƙarasa ajin ƙarshe na sakandare a can. Baba ya amince tun kafin Inna ta rufe baki. Matan gidan Malam Audu har sun shigo yi mini murna. Kowa ya ji daɗi ban da ni, kuma ina jin kunyar haka.

Ki yi haƙuri da abin da zan faɗa, Yaya. Zuciyata ta ƙi kwanciya.

Na sa Inna ta tambaye ki sunan makarantar, kika ce wata ce mai kyau nan kusa da ku. Na sake sawa ta tambaya, kika ce a bari sai na zo. Amma kin tambaye ta ko har yanzu ina tashi da wuri, kin tambaye ta ko na iya dama kunun yara. Sakamakona na zangon da ya wuce yana cikin akwatin Inna. Ba ki tambaya ba.

Na kuma lura da lokacin da saƙon ya zo. A satin ne kika sa hoton sabon keken ɗinkinki na biyu, kika sanar cewa wata makarantar kuɗi ta ba ki ɗinkin kayan ɗalibanta gaba ɗaya. Wallahi na yi murna, har na kai wa Inna hoton tana tsakiyar matsar man gyaɗa. Sai daga baya na zauna ina tunani: yadi ya cika ɗaki, Khalifa bai yi wayo ba, Ummi ta fara hawa kan komai. Wa zai riƙe su?

Sai ga jakar da kika aiko. Atamfa, sabulu, takalmi mai kyau, Allah Ya saka da alheri. A ƙasa kuma na tarar da majanyi sabo. Inna ta ce wataƙila garin haɗa kaya ya faɗa ciki. Wataƙila. Amma a ninke yake tsaf.

Duk wannan da na haɗiye shi. Abu ɗaya ne ya tsaya mini. Tun da kika fara ɗinki ba ki taɓa yi mini ko ɗankwali ba sai kin nemi awona. Ina tuna ki kafin aurenki, igiyar awo a wuya, alli a hannu, duk Sallah kina cewa, "Tsaya cak, Auta, ke kullum tsawo kamar karan dawa." Bayan kin tafi ma, sai kin ce a aiko tsohuwar rigata kafin ki sa almakashi. Yanzu kayan makaranta ne sana'arki, kina auna 'ya'yan mutane aji aji. Kin ce makaranta za ki sa ni, amma ba ki nemi awona ba.

Na yi istigfari a kan wannan zato, ya tafi ya dawo.

Kada ki ɗauka ban san wahalarki ba. Ina karanta abin da kike rubuta wa mata, cewa mace za ta iya zama a ɗakinta ta riƙe 'ya'yanta ta kuma gina sana'arta. Ba ƙarya kike ba, na gani da idona lokacin da na zo suna. Ƙafarki a kan keke, jariri a cinya, wake yana kamawa a wuta, mai kaya tana sallama a ƙofa. Na ga kin rufe ido kina zaune, kika buɗe kika ce ba barci kike ba. Mata suna tambayarki yadda kike yi, kina cewa tsari ne da haƙuri. Ni dai na san wani abu da ba a rubutawa: duk matar da na ga sana'arta ta tsaya da ƙafarta a garin nan, akwai wadda ta riƙe mata ɗa.

A gidanmu ke ce. Inna ba ta ɓoyewa. Takan ce, "Ba don yayarki ba, da ban soya ƙuli ko na rana ɗaya ba." Lokacin da aka haife ni, ke kika goye ni don ta samu ta yi suya. An ce har bakin makaranta kike zuwa da ni a baya, ki tsaya ta taga kina jin karatu, in na yi kuka ki juyo gida. Aji huɗu sai da kika maimaita. Ba ki taɓa yi mini gori ba, ko a faɗa.

To da wane baki zan ce ba zan goya miki Khalifa ba? Abin da ya hana ni magana ke nan.

Amma Yaya, shugabar makarantarmu ta ce kafin hutu za a tura sunayen masu jarrabawar fita. Idan na tafi, za a cire sunana a nan. Idan na zo can babu makaranta, ko aka ce a jira aikin ya yi sauƙi, shekarar ta tafi. Kin san garinmu, yarinyar da ta zauna shekara ɗaya a gida ba kasafai take komawa aji ba. Ina son in yi karatun haɗa magunguna. Ban taɓa gaya wa kowa ba, sai yau, a gaban mutane.

Idan raino kike buƙata, ki faɗa mini da sunansa. Ba zan ji haushi ba. Ranar da na ajiye biro a jarrabawar ƙarshe, washegari zan shiga motar Ɗanbatta in taho da majanyin nan, in goya Khalifa har sai kin ce ya isa. Kafin nan, ko ki yi magana da Gwaggo Tabawa, tunda tana zaune ba ta komai kuma tana son yara.

Ga abin da na yi, ki yafe mini in na yi rashin kunya. Na wanke tsohuwar rigar makarantata, na ninke, na sa a cikin kwalin man gyaɗa da Inna ta ba direba ya kawo miki. Ita ce awona. Ki ƙara ɗan tsawo a hannu. Idan kwalin ya dawo da sabuwar riga mai launin makarantar da kika ce, zan zo in durƙusa in ba ki haƙuri, in kuma goge wannan rubutu. Idan tsohuwar ce ta dawo, ba sai kin ce komai ba. Zan sa ta in koma aji, kuma ba wanda zai ji daga bakina.

Allah Ya sa albarka a kekenki, Ya raya miki Ummi da Khalifa, Ya kawo miki mai taimako ta inda ba ki zata ba. Allah Ya biya ki goyon da kika yi mini, Ya sa zatona ya zama kuskure. Amin.

Ƙanwarki da kika goya,
Auta