Buhu Ba Shi da Ƙafa

Zuwa ga mai girma Yayana, babban gidanmu, magajin mahaifinmu.

Bayan gaisuwa da ladabi da biyayya, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyalinka. Mu nan lafiya lau, in ban da Inna, wadda gwiwarta ta kumbura kamar tulu, har salla ma a zaune take yi. Ka duba da kyau, wannan rubutun hannuna ne. Na shiga ajin manya, malaminmu kuma ya shaida babu kamata a riƙon alƙalami.

Ka tuna ka ba mu aron motarka muka tafi ta'aziyyar Kawu a bayan duwatsu, ni kuma dangi suka naɗa shugaban tafiya. To, a hanya direbanka, wanda ake kira Guguwa, ya loda buhunan gawayinsa har muka rasa wurin miƙe ƙafa. Da muka kai hawan nan mai kwana-kwana, dutse a dama, rami a hagu, mota ta yi nishi ta fara ja da baya, sai da aka tokare tayoyinta. Ya ce kowa ya sauka. Na ce masa cikin mutunci a sauke gawayi a bar Inna. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce buhu ba shi da ƙafa, tsohuwa kuwa tana da biyu.

Yaya, uwar da ta goya mu ta taka tsakuwa har gwiwa ta ƙi, sannan na goya ta zuwa ƙololuwa. Can muka tarar da shi kishingiɗe a inuwar mota yana sakace. Na ce masa wallahi sai maganar nan ta kai kunnenka, Yaya. Ya yi dariya, wai in dangwala babban yatsa a takarda in aiko maka. Abin da ya kai ni ajin manya ke nan.

Inna ta ce a bar shi da Allah, kada a tayar maka da hankali. Ni dai na san rama cuta ga macuci ibada ne. Ban nemi duka ba, ban nemi kotu ba. Ka aiko mini da izinin karɓe makullin motar. Zan tafi da wani direba, in tare shi in karɓa a gindin hawan nan, Guguwa ya komo gida a ƙasa. Ai shi ma yana da biyu.

Ka gaida Antinmu da Auta da mai sunan Baba. In Guguwa ya musa, shaiduna su ne Gwaggo ungozoma, da tela maƙwabcinmu, da Dogo mai gyaran rediyo, wanda ya riƙe wa Inna takalma.

Ni ne ƙaninka mai biyayya, da hannun kansa.