Kawu Ya Shafe Mini Aiki da Shuɗin Fenti

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya aiki da zaman Abijan? Yaya Hadiza da yara? Mu nan Garhanga kowa lafiya, sai dai raina a ɓace yake.

A lakwal ɗinmu ta koyon ƙawata ɗaki an ce kowa ya haɗa dosiye, wato kundin hotunan aikin hannunsa, da shi ake neman aiki. Sati uku na yi a ɗakin Inna. Na yaɓe shi da jar ƙasa, na zana bangon da farar ƙasa, hannuna duk ya tsattsage. Na tafi Keita aron na'urar hoto, kwana biyu kacal, na dawo na iske Kawu Illa ya shafe bangon kaf da shuɗin fenti! Wai, "Ɗiyata, hoton ƙasa za ki kai Yamai a ce mu matsiyata ne?" Har yana tsaye yana jiran godiya.

Saura kwana goma in miƙa dosiye. Kai kaɗai yake jin maganarka, ka kira shi ya bar mini zaure in sake, kuma kada ya taimake ni.

Ka sa ni a addu'a, ka gaida kowa. Ragowar fentin kuwa na ɓoye a rumbu.

Ƙanwarka,
Rakiya