Kukan Baffa

Daren Laraba, unguwar Al-Sulay

Barci ya ƙi. Laifina ne da na saurari tarihin nan a mota.

Kafil, wato Balaraben da nake wa aiki, ya bar ni ina jiransa a unguwar Al-Murabba tun la'asar, "khamsa dagiga" da ya ce, wato minti biyar, ta koma har magariba. Sai na kunna wani shiri a waya kan sarkin Farankawa na farko, can ƙasar da ta zama Faransa. Ya hau mulki yana matashi, ya ci kudu, ya ci gabas. Wannan bai dame ni ba, aikin sarakuna ne. Amma wai sai da ya bi danginsa masu sarauta ɗaya bayan ɗaya ya gama da su, sannan ya tsaya gaban jama'a yana kukan ba shi da ɗan'uwa. Ashe so yake wanda ya ɓuya ya fito, ya gama da shi.

Ina dawowa ɗaki na tarar da saƙon muryar Baffa Sale. Shi da ya cinye gandun kakanmu gona bayan gona, ya kori Gwaggo da kuka.

"Ɗana, duk kun watse kun bar ni. Zumunci fa a ƙafa yake."

Wallahi har idona ya kawo ruwa. Ya tsufa, muryar na rawa. Na fara ɗaukar amsa, na goge. Na sake, na goge.

Sai na saurari ƙarshen saƙon. Bayan tari da addu'o'i, a hankali ya ce, "Af, fadamar babanka, wa ke nomanta bana?"