Na Mayar da Makullin Motar Makaranta

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa daga mahaifinki, tare da fatan wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da jikokina. Allah Ya ƙara muku zaman lafiya, Ya raya yaran nan, Ya sauke ki lafiya idan lokacin ya yi. Mu nan sai godiya, in ban da zafin bana da ya sa mutum ko ruwan randa ya taɓa sai ya ji shi da ɗumi. Gwaggonki ta samu sauƙin ƙafar, har ta koma faɗa da maƙwabta, kin kuwa san alamar lafiyarta ke nan. Auta bai zo hutu ba, ya ce ogansa na wurin koyon aiki bai sake shi ba. Na sa masa albarka, amma gaskiya gidan ya yi mini girma.

Kin yi ta tambayata a waya me ya sami muryata, ina ce miki mura ce. Wace irin mura a wannan zafin? Maganar ce ba ta faɗuwa a waya, shi ya sa na zauna na rubuto. Da aka tashi dogon hutu, sabon mai makarantarmu ya tara mu direbobi da masu shara ya ce daga bana babu albashi sai an dawo. Aka kai motata bayan azuzuwa aka lulluɓe ta da tamfol. Tun kina goye nake jan motar yaran nan, kuma tun rasuwar mahaifiyarki, Allah Ya jiƙanta, hayaniyarsu ce take cika mini rana. Yanzu in na dawo daga masallaci da asuba sai in sa takalmi in tsaya a bakin ƙofa, sannan in tuna babu mai jirana a kowace kwana.

To, sai na goge riga na sa lasisi a aljihu na shiga gari neman aiki, da furfurata da komai. A wani kamfanin tasi, wani matashi da ko ɗago kai bai yi daga kwamfuta ba ya ce in je in nema ta waya, alhali ga ni tsaye a gabansa da raina da lafiyata. A wurin masu siminti suka dubi gemuna suka tambaya ko zan iya lodi. Na nemi gadi a wani kantin magani, na nemi kai burodi shaguna. Da rana tsaka titi yakan yi fayau, kowa ya shige inuwa, sai ni kaɗai ina tafe kwalta tana kama mini takalmi. Inda duk aka saurare ni kuma, tambaya ɗaya ce take kashe maganar: idan an koma makaranta zan tsaya ko zan tafi? Ni kuwa bakina ba ya iya cewa zan tsaya. Sai a ce in bar lambata za a kira. Ina ajiye wayar kusa da kwanon abinci don kada ta yi ƙara ban ji ba, amma babu mai kira sai kamfanin layi da tallarsu, har na kusa fara gaishe su.

Ranar nan wani maƙwabci ya haɗa ni da wani mai ɗakin sanyi, irin masu rarraba kifi da kaji daskararru a shaguna. Mutum ne mai ƙaramar murya, ba shi da yawan magana. Ya sa aka cika mota da kwalaye, ya zauna a gefena, muka zaga unguwa, ya sa na shiga wani lungu da baya. Da muka dawo ya leƙa ya ga kwalayen suna nan yadda aka jera su, ya yi dariya ya ce da gani na saba ɗaukar kaya masu tsada. Na ce masa 'ya'yan mutane ne. Daga nan shi ma ya kawo tambayar nan, sai dai shi bai ɓoye mini komai ba. Ya ce ya gaji da direbobin hutu, waɗanda da sun gane shaguna sai su gudu, don haka in zan karɓi makulli to na shekara ne gaba ɗaya, zafi da sanyi, kuma maganata ta ishe shi. Na roƙe shi ya bar ni in yi tunani.

Na san abin da za ki ce, don kin sha faɗa: in tattara in dawo wurinku in huta. Allah Ya yi miki albarka, Ya saka wa maigidanki, mutumin kirki ne. Amma ki yi tunanin mahaifinki zaune a falon surukinsa daga safe har yamma yana canja tashar talabijin, ana tafiya da sanɗa don kada a tashe shi. Ba zan kai wata guda ba sai kun kai ni asibiti. Hannuna yana da ƙarfi, idona yana gani, kuma ba na so Auta ya bar koyon aikinsa saboda tukunyar gidan nan. In na koma makaranta, baɗi war haka ina kan titi da lasisi a aljihu, na ƙara tsufa da shekara ɗaya.

Don haka na koma na ba mai ɗakin sanyi maganata. Jiya na kai wa shugabar makaranta makullin motarsu. Ta riƙe shi, ta tambaye ni me za ta ce wa yara idan suka ga wani a kujerata. Na ce ta ce musu Baba Direba yana gaishe su, kuma 'yan kujerar baya su daina leƙo da kai ta taga. Na fito ban bi ta bayan azuzuwa ba. Uwata, ban ɓoye miki ba, raina bai yi daɗi ba, ko a hanya ma sai da na tsaya na goge ido na ce gumi ne. Sabon aikin yana da kyau, motar sabuwa ce, har da na'urar sanyi a gaba. Abu ɗaya na roƙi mai ɗakin sanyin, kuma ya yarda: ya ba ni shagunan ƙetaren gada, don in an koma makaranta kada in riƙa wucewa ta kwanonin da yaran suke tsayawa da safe.

Ki gaida maigidanki da kyau, ki gaida surukarki, ki ce ina yi mata ya jiki. Ki shafa mini kan Babangida da 'Yar Baba, ki ce wa Sarkin Rigima na ji labarin haƙorin da ya fita. Gwaggonki tana gaishe ku, ta ce a tuna mata da maganin ƙafa. Ranar Juma'a da yamma zan kira in Allah Ya yarda. In kin ɗauka yaran suna ihu a kusa da ke, don Allah kada ki ce su yi shiru, kada kuma ki fita da wayar waje. Ki ajiye ta a tsakiyarsu kawai, ki ci gaba da aikinki.

Wassalam.

Naki har kullum,
Mahaifinki