Littattafan Shanu na Baba

Zuwa ga mahaifina abin ƙaunata, Malam Umaru malamin dabbobi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗiya ga mahaifinta, tare da addu'ar Allah ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka, ni ce Rakiya, autarka, nake rubuto maka daga gidanmu na Tambuwal. Damina uku ke nan da rabuwarmu. Inna tana nan lafiya, sai ciwon gwiwa. Yaya Bello yana Kebbe da iyalinsa. Ni kuma ina nan ina koyar da kwamfuta a makarantar sakandare. Na san takardar nan ba za ta iske ka ba, amma ina da labarin da kai ne ka fi cancanta ka ji shi.

Bara da kaka na buɗe akwatin katakon nan na ɗakinka, na tarar gara ta shiga. Littattafanka goma sha ɗaya suna ciki, waɗanda ka cika da hannunka tsawon shekarun da ka yi kana bin rugage daga Sanyinna zuwa Fakku a kan babur. Uku daga ciki ta cinye su ta gefe, da na ɗaga ɗaya sai ganyen ya fara zuba a hannuna. A cikinsu ne ka rubuta yadda ake gane cutar boru kafin ta kama garke duka, da alamomin sammore, da fadamun da shanu ke kwaso ciwon hanta. Wani wurin da boko, wani wurin da ajami idan kana sauri.

A ranar na ɗauki hoton kowane shafi na littattafan nan uku, sannu a hankali. Ba su ƙara wata guda ba suka zama gari.

Da farko na so in buga komai a fayil ɗaya mai tsawo. Sai na lura ba haka ka yi rubutunka ba. Kana cikin maganar cutar kirci sai ka ce a duba littafi na fuɗu, a can kuma ka tura mutum littafi na tara. Shi ya sa na zaɓi abin da ake kira wiki. Baba, shafuka ne da ake ƙulla su da juna, ka taɓa kalma ta kai ka inda bayaninta yake. Wanda aka ba izini yana iya gyarawa, kuma duk gyaran da aka yi, tsohon rubutun yana nan a ajiye, ba ya gogewa.

Ban so in ɗora maganarka a kan na'urar wasu mutane a wata ƙasa ba. Na ɗauko tsohuwar kwamfutata na ajiye a kan teburinka, na mai da ita saba, wato kwamfutar da ke zaune a kunne tana miƙa shafi ga duk wayar da ta nema. Na ɗora ta a kan bulo biyu saboda zafi. Kwana uku ina fama, duk sanda na buɗe sai farin shafi ya fito da saƙon kuskure. Ashe harafi ɗaya na rubuta ba daidai ba a cikin saitin. Da na gano, sai na tuna ranar da na ƙagara in ɗaure ɗan maraƙi ya kife ni a cikin laka, kana dariya kana cewa, "Ɗiyata, wanga aiki ba a yi mai gaggawa."

Da shafin farko ya buɗe a wayata ina tsaye a tsakar gida, na kai wa Inna. Ba ta karanta boko, ka sani. Amma na sa hoton rubutunka na ajami kusa da wanda na buga, ta gane hannunka nan take. Ta riƙe wayar da hannu biyu, ta ce, "Ga harafin wawun nan nashi mai doguwar wutsiya." Sai ta koma ga tukunyarta.

Sai dai waɗanda ka yi wa rubutun ba a gidanmu suke ba, kuma sabar ba ta wuce katangar gida. Don haka na ƙara mata wata manhaja da ke tattara shafuka ta mai da su PDF, wato littafin da ake turawa ta waya ko a buga a takarda, tsarinsa ba ya sauyawa. Na farko da ya fito ya ba ni haushi ƙwarai. Duk inda ka rubuta ƙ ko ɗ ko ɓ, sai ɗan akwati ya fito a wurin. Ƙaho ya rasa kansa, ɗan maraƙi ya zama abin da ba ya karantuwa. Sai da na nemo salon rubutu mai ƙugiyoyinmu na sa mata, sannan kalmominka suka dawo daidai.

Na buga kwafi biyar na aika wa Yaya Bello. Ranar kasuwa ya karanta wa Baffa Sambo, amininka makiyayin Fakku, wanda ke kawo mana kindirmo a ƙwarya. Yaya ya ce tsohon ya saurara idonsa a rufe, har suka zo kan maganar wata fadama da ka ce kada a kai shanu. Sai ya ɗaga hannu ya ce, "A'a. Malam ya sake magana daga baya. Ni da shi munka koma munka duba, ruwan ya sauya hanya." Na shigar da gyaransa da sunansa, naka kuma yana nan a ƙarƙashi. Yanzu a shafin nan ku biyu kuna ta gardamarku kamar yadda kuka saba a zaure.

Saura abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau.

Tun farko na tsara duk Juma'a sabar ta kwafe komai, rubutu da hotuna, a faifan ajiya na waje. Faifai biyu na saya. Ɗaya yana manne da ita, ɗayan yana Kebbe a hannun Yaya, muna musanya su duk sanda ya zo gaida Inna. Yakan yi mini tsiya, wai na mai da shi ɗan aike. Ni ma wani lokacin nakan ga kamar na cika tsoro.

Ranar Talatar da ta wuce, da hantsi ina makaranta, wuta ta dawo da ƙarfi. Da na dawo gida na ji ƙaurin roba tun daga ƙofar ɗakinka. Kwamfutar ta ƙone, faifan da ke manne da ita ma ya tafi. Wayar da na ɗauki hotunan da ita kuwa ta daɗe da lalacewa. Baba, hotunan rubutun hannunka na littattafan nan uku babu su a ko'ina a duniya sai a ɗan faifan da ke Kebbe, kuma ban taɓa gwada shi na ga ko yana buɗewa ba. Na kira Yaya na gaya masa abin da ya faru. Bai tambaye ni komai ba, ya ce, "Ga ni nan tafe."

Kafin la'asar ya iso a kan babur, faifan a naɗe cikin hula biyu a aljihun gaban rigarsa. Na ari kwamfutar wata abokiyar aikina, na sake girka wikin, na haɗa faifan. Muna zaune mu uku muna kallon layin yana cika. Inna tana jan carbi. Da ya gama na buɗe littafi na biyu, wanda gara ta fi ci, sai ga hannunka. Aikin mako biyu kawai na rasa, kuma wannan zan iya sake bugawa. Yaya ya fita waje wai zai duba babur. Ya daɗe bai dawo ba.

Yanzu faifai uku ne, ba na barin ko ɗaya a manne, kuma duk wata zan riƙa gwada dawo da komai don in tabbatar. Na haɗa wata sabar, na ɗora ta kan sola.

Jiya na kai shafin ƙarshe na littafi na goma sha ɗaya. Ka rubuta, "Idan saniya ta ƙi kiwo alhali ba zazzaɓi, a fara duba", sai ka tsaya. Ban sani ba ko kiran salla aka yi, ko wani ne ya yi sallama. Na sa Yaya ya tambayi Baffa Sambo abin da za ka ce. Ya ce tsohon ya yi murmushi ya ce, "Bakinta. Malam kullum baki shika fara dubawa." Na rubuta amsarsa a ƙasa da sunansa. Layinka kuwa na kulle shi yadda babu mai iya taɓawa, har ni. Ban iya ƙarasa maka magana ba, Baba. Na bar ta inda ka ajiye alƙalami.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya yalwata maka shi. Duk dabbar da ta tashi saboda abin da ka rubuta, duk gidan da ya samu nono a dalilinsa, Allah ya kai ladan gare ka. Ya ba Inna lafiya, ya haɗa mu da kai a Aljanna Firdausi. Amin.

Ɗiyarka mai kewarka kullum,
Rakiya
Tambuwal