Agogon Mai Walda

Litinin, 2 ga Yuni

Yau agogo na arba'in ya hau hannu. Arba'in cif! Shekara biyu ina zarya ofis-ofis da takardu kafin a yarda in gwada abin nan: agogon hannu mai sauraren bugun zuciyar mutum yana gidansa, ya turo mini a waya da kwamfuta. In zuciya ta fara tsalle-tsalle ba tsari, in sani da wuri, kafin jini ya yi guda ya haura kai ya shanye wa mutum ɓarin jiki. Shekara goma sha shida ina likitar zuciya, na gaji da ganin mutane sai an kawo su a kwance.

Na ce Maigida ya taya ni murna. Wai shi ma a ɗaura masa ɗaya, ko na riƙa tuna yana da zuciya. Mutumin nan ba ya rabo da tsokana.

Laraba, 4 ga Yuni

Farfesa ya leƙo ofishina. Shugaban sashenmu, shi ya koya mini riƙe abin sauraren ƙirji, kuma har gobe kallon ɗaliba yake yi mini, ni da furfura ta fara leƙowa. Ya tsaya bayan kujerata yana duban layukan da ke gudu a kwamfuta.

"Duk waɗannan zukatan mutane ne?"

Na ce e, ranka ya daɗe.

"To ina mutanen?"

Ya fice abinsa. Na raka bayansa da harara, Allah ya yafe mini. Tsoho kenan, sunan da na sa masa a littafin nan kaɗai.

Alhamis, 5 ga Yuni

Lamba goma sha bakwai ta yi ƙara! Wani mai walda ne, shekara hamsin da takwas, hawan jini ya kawo shi cikin binciken. Bugun ya rikice kusan awa uku. Kamun farko. Na sa Sista, nas ɗinmu, ta kira shi ya zo gobe. Ina ta murmushi ni kaɗai a mota kamar wadda aka yi wa albishir, alhali ciwon mutum nake wa murna. Aikin likita sai a hankali.

Litinin, 9 ga Yuni

Sau biyu yana zuwa, Juma'a da yau. Sau biyu muna jona shi a na'urar gwajin zuciya ta asibiti. Fes. Agogon ma, yana hannunsa a gabana, lafiya lau yake nunawa. Mutumin sai dariya yake, wai shi da yake ɗaga ƙofar ƙarfe shi kaɗai.

To me ke faruwa?

Talata, 10 ga Yuni

Na sha kunya a taron safe. Tsoho ya sa aka haska bayanan lamba sha bakwai a bango, gaban likitoci goma sha biyu. Ya ce kowa ya duba lokaci: rikicewar ba ta zuwa sai tsakanin takwas na safe da biyar na yamma. Lokacin aiki. Mutumin kuma walda yake yi, wutar injin ce ke ruɗa agogon.

"'Yata, injin walda kike shirin ɗorawa a kan magani."

Aka kwashe da dariya, har da waɗanda ni na koya musu karatun takardar gwaji. Ya ce ran 24 ga wata zai ba kwamitin bincike shawara a dakatar da aikin. Wai agogon da ke tsorata masu lafiya ba ƙaramin haɗari ba ne, da na ba mai aiki da ƙarfe maganin tsinka jini ya yanke a hannu fa?

A nan ya faɗi gaskiya. Shi ya fi ƙona mini rai.

Laraba, 11 ga Yuni

Ba na son magana da kowa. Shekara biyu.

Juma'a, 13 ga Yuni

Na buga layukan a takarda na baje su a tebur, na yi ta kallo har idona ya yi yaji. In wuta ce ta ruɗa na'ura, zanen hargitse yake fitowa, kamar kaza ta yi tono. Wannan kuwa tsaf yake. Zuciya ce ta gaske, kuma mara lafiya. Ruwa ba ya tsami banza.

Na kai wa Tsoho. Ko gilashi bai saka ba. Ya ce, "Kin taɓa ganin inda mutumin nan yake aiki? Je ki tsaya kusa da injin ki gani da idonki, sai ki huta ki hutar da ni."

Zan je. Ba don ya ce ba, don in dawo in ajiye masa hujja a kan teburinsa.

Litinin, 16 ga Yuni

Wayyo daɗi! Bari in rubuta tun da zafinsa.

Sha ɗaya saura na isa layin masu walda, ban gaya masa zan zo ba. Ƙara ta ko'ina, ƙaurin ƙarfe, ƙofofi da tagogi a jingine a bango. Wayata na hannuna, kuma a daidai lokacin lamba sha bakwai tana ta tsalle-tsalle. Na hango shi a tsugune, baƙin gilashi a fuska, tartsatsi na tashi. Na dubi hannun hagu. Na dubi na dama. Wayam. Ba agogo.

Na ce, Baba, ina agogona?

Ya cire gilashin, ya fara 'yan kame-kame. Can dai ya ce yana gida.

Na ce a gida a ina, ga shi yana bugawa?

"Yana hannun maiɗakina, Likita. Ai ke kika ce kada mu kuskura mu bar shi kwance a kan tebur, kullum ya kasance a hannu. Ni kuma tartsatsi zai ƙona miki kaya. Shi ne in zan fito sai in ɗaura mata, in na dawo in karɓa. Don kada mu ba ki kunya."

Sai da na nemi benci na zauna. Na faɗa, wallahi na faɗa, mutum arba'in na gaya wa haka da bakina. A hannu na ce. Ban taɓa cewa kada a ba wani ba, don ban taɓa tunanin akwai mai bayarwa ba.

Ko kayan aikin bai tattara ba na sa shi a mota. Gidan ɗaki biyu ne a bayan wani gini, igiyar shanya ta ratsa tsakar gida. Mun same ta zaune bakin ƙofa, bokitin wanki a gabanta, ta tsaya tana mayar da numfashi. Agogona a hannunta, an ƙara wa maɗaurin huda da ƙusa don ya zauna mata daidai. Ƙafafu a kumbure. Na tambaye ta tun yaushe. Ta ce ai gajiya ce kawai ta tsufa, da ɗan faɗuwar gaba, ba abin a dami mutane ba.

Na ce, Mama, ɗauko mayafinki.

Wanki dai bai ƙaru ba yau.

Talata, 17 ga Yuni

Na'urar asibiti ta nuna abin da agogo ya yi kwana goma sha biyu yana faɗa, layi da layi. Hoton zuciya ya nuna ɗaya daga cikin ɗakunanta ya buɗe fiye da kima. Mun kwantar da ita, an fara magani. Da an ƙara wata biyu, Allah kaɗai ya san a yadda za a kawo ta.

Na kai wa Tsoho takardun biyu na ajiye gefe da gefe. Wannan karon ya saka gilashin. Ya daɗe. Sai ya ce, "Wane gado take?" ya tashi ya tafi ganinta. Ko sannu bai ce mini ba. Oho dai, na ga kunya ta kama shi.

Alhamis, 19 ga Yuni

Na sa Sista ta kira sauran talatin da tara ɗaya bayan ɗaya. Huɗu suna ba da aro! Wata malamar makaranta ƙanwarta take ɗaura wa in za ta shiga wanka. Wani mai gadi shi da abokin aikinsa suke karɓa-karɓa. Sista ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce mutanenmu akwai kara, ba sa son agogon Likita ya yi kaɗaici.

Ni dariyar rabi ce. Dole in zubar da bayanan mutum biyar, in kuma faɗa wa kwamiti da bakina cewa laifin nawa ne. Maigida ya ce in faɗa kafin a tambaye ni, ya fi sauƙin haɗiya.

Talata, 24 ga Yuni

An bar mini aikina! Ba dakatarwa, har an ce in kai mutum ɗari biyu!

Na fara da kuskurena. Na nuna sabuwar takardar bayani, da yadda za a riƙa tambayar kowa wa ya sa agogon. Shugabar kwamiti ta juya wajen Tsoho, tunda shi ya kawo ƙarar. Ya miƙe a hankali, ya gyara riga. Na ce shi ke nan, yau zai ƙarasa ni.

Ya ce, "Na ce agogon ƙarya yake yi. Ni ne ban yi daidai ba. Na janye." Ya ƙara da cewa shekararsa arba'in yana sauraren ƙirji, bai taɓa gano ciwon wadda ba ta zo gabansa ba.

Na fito na shige banɗaki na yi kuka mai isata, na wanke fuska, na dawo ina amsa barka kamar ba ni ba. Zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi. Waɗanda suka yi mini dariya su ne kan gaba wajen neman in sa su a aikin. Zan sa su. Amma sai sun ɗan jira.

Laraba, 2 ga Yuli

Maman ta dawo a duba ta. Kumburi ya saɓe, ta hau bene ba ta tsaya ba. Yanzu tana da nata agogon, ta sa hannu a takarda da kanta, lamba arba'in da ɗaya.

Muna hira na ce ashe dai rabon mu haɗu ne ya kai ni gidanta. Ta ce, "Ai mun haɗu kafin nan, 'yata. Duk zuwan da ya yi ni na rako shi. Ina kan bencin nan na ƙofarki. Har kika ce in ɗan janye ƙafa ki wuce."

Ba da wata manufa ta faɗa ba, tana ma dariya. Ƙafafun nan masu kumburi na tsallake, wayata a hannu.

Layin marasa lafiya bai yi sauri ba yau. Wani direba ya zo da yayarsa, na ce ita ma ta shigo ta zauna, na ɗan duba ta. Sista ta leƙo ta ce, Likita, kin fara zama Farfesa fa. Na ce Allah ya kiyaye, kujera ce kawai na ga babu kowa a kai.

Na ce a ƙaro kujera ɗaya gobe.