Injin Ban Ruwan Yaya

Litinin, 3 ga Maris
Yaya ya kawo injin ban ruwan lambunsa. Wai sai ya yi kamar minti goma sha biyar yana aiki lafiya lau, sai ya fara tari ya mutu. Ya dasa tumatir kadada guda satin da ya wuce, ga rana kamar wuta. Ya ce, "Mai Kunne, saurara mini shi kawai." Haka kowa ke kirana, don shekara ashirin da biyu da kunne nake gane ciwon inji tun kafin in taɓa sifana. Na ja igiya, na karkata kai irin yadda na saba, na ce fulogi ne. Gaskiya ban ji komai ba sai gunji. Na canza fulogi, injin ya tashi, Yaya ya ɗauka ya tafi.

Laraba, 5 ga Maris
Ya dawo da shi. Na wanke kafireto.

Alhamis, 6 ga Maris
Bari in rubuta a nan tunda babu mai karantawa. Kunnen hagu ya tafi tun bara. Na dama ma yanzu ƙaramar ƙara ba ta shiga, sai wani zuuu da ba ya ɗaukewa ko a sallah. Injin yanke ciyawa da zarton inji sun cinye mini su. Idan mutane na magana bakinsu nake kallo, in gyaɗa kai. Jiya wani ya tambaye ni ƙarfe nawa na ce masa amin. In aka sani, wa zai ƙara kawo wa kurma inji? Ni da ban iya wata sana'a ba.

Asabar, 8 ga Maris
Karo na uku. Yaya bai yi faɗa ba, da ma ya yi da na fi jin daɗi. Shi da matarsa da bokiti suke ɗibar ruwa daga rafi, mutum mai ciwon baya. Hannunsa duk ya yi kanta. Ya ce layin can na ƙarshe ya fara kwanciya. Sannan a hankali ya ce, ko in kai wa makanikin bakin kasuwa ya duba? Na ce kai masa mana, in kana so ya ƙarasa kashe shi. Ban san na ɗaga murya haka ba sai da na ga mai shayi ya waiwayo. Ya bar injin ya tafi.

Na canza kwayil, na canza tiyon mai. Lalube kawai nake yi, kamar ban taɓa riƙe sukudireba ba.

Lahadi, 9 ga Maris
Na bar shi yana aiki a rumfa. Minti goma sha huɗu ya mutu. Na buɗe tanki, mai cike. Na ja, ya tashi. Minti goma sha huɗu ya sake mutuwa. Sau shida. Na zauna a kan tsohuwar taya na rasa abin yi, hawaye kawai. Tsoro nake ji, wallahi tsoro.

Litinin, 10 ga Maris
Maman yara ta kawo mini abincin rana don na ƙi komawa gida. Tana tsaye injin ya mutu, na buɗe murfin tanki in leƙa. Ta yi magana, ban kama ba. Ta zagayo ta damana ta ce, "Maigida, me ya sa ya yi tsss da ka buɗe murfin nan?"

Na ce wane tsss? Ta nuna mini murfin da yatsa.

Ƙaramin hujin iska na murfin ne ya toshe da laka. Iska ba ta shiga tanki, mai ya daina sauka. Ni kuwa duk buɗewar da nake yi ina ba shi iska, shi ya sa yake tashi a hannuna. Abin da a da tun ranar farko zan ji. Da allura na huda shi. Allura! Awa biyu yana aiki bai yi tari ba.

Tana tattara kwano ta ce ta fi shekara da sanin kunnena ya taɓu, tana jira ne in faɗa da bakina. Na ce abincin ya yi gishiri.

Talata, 11 ga Maris
Na kai injin lambu da kaina. Ruwa ya hau. Amma kusan rabin dashen ya riga ya ƙone, ka taɓa ganye ya ruguje a hannunka. Yaya yana ta godiya yana sa mini albarka. Na buɗe baki in gaya masa maganar kunnena, na kasa. Na ce dai zan zo in taya shi sabon dashe.

Juma'a, 14 ga Maris
Na ajiye kujera a rumfa kusa da teburin gwaji. Ba don komai ba, maman yara kan gaji da tsayuwa in ta kawo abinci. Yau an kawo injin feshi, ta ce yana wani kyat-kyat a ciki, ta kwaikwaya mini da baki har sau biyu. Daidai ne kuwa. Ta yanko mini katin asibiti don ganin likitan kunne, yana aljihuna, ban ce zan je ba, ban dai yar ba.

Yaya ya biyo da yamma kan maganar dashen. Kafin ya fara sai ya zagayo ta damana, ya fuskance ni, yana magana a hankali. Ban tambaye shi wa ya gaya masa ba. Na matsa masa wuri a benci, kuma duk abin da ya faɗa na ji.